Tarihin Colin Chapman, Injiniyan Da Ya Sauya Ƙafafun Bayan Mota

Duk wanda ya taɓa kai motarsa gareji domin gyaran ƙafa ya san cewa ba inji kaɗai ke tafiyar da mota ba. Inji na iya zama lafiya lau, amma da zarar sifirin ya kwanta ko shokozoba ta mutu, to direba ya rabu da jin daɗin hanya ke nan, idan kuwa ya sha kwana da gudu sai dai a ce Allah Ya kiyaye. A filinmu na tarihi na yau za mu waiwayi rayuwar wani Bature ɗan ƙasar Ingila, marigayi Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin motoci na Lotus, ya kuma shafe sama da shekaru 30 yana kokawa da wannan ɓangare na mota, musamman ƙafafun baya. A nan ya yi suna, a nan kuma ya sha suka mafi zafi.

An haifi Anthony Colin Bruce Chapman ranar 19 ga watan Mayun 1928 a Richmond, kusa da birnin Landan. Mahaifinsa Stanley shi ne ke gudanar da wani otal mai suna Railway Hotel a unguwar Hornsey da ke arewacin birnin, kuma a wannan yanki yaron ya tashi. Ya karanci injiniyancin gine-gine a Kwalejin Jami'a ta Landan, wato ilimin da ke koyar da yadda gada ko rufin gini zai ɗauki nauyi ba tare da an yi asarar ƙarfe ba. Yana ɗalibi ya koyi tuƙin jirgin sama, ya yi ɗan taƙaitaccen zama a rundunar sojan saman Birtaniya, daga bisani ya kama aiki da kamfanin British Aluminium. Mutumin da ya saba da jirgin sama ya san cewa kowane kilo abin lissafi ne, kuma da wannan ido ya riƙa kallon mota har ƙarshen rayuwarsa.

Shigarsa harkar mota ta samo asali ne daga wata asara. Yana makaranta yana taɓa cinikin tsofaffin motoci, sai gwamnati ta janye ɗan kason man fetur da take bai wa masu motocin gida a ƙarshen 1947, kasuwa ta faɗi warwas, aka bar shi da wata tsohuwar Austin 7 ƙirar 1930 wadda babu mai saye. Sai ya tura ta wani ɗan gareji da ke bayan gidan iyayen budurwarsa, Hazel Williams, ya kwance ta, ya yi mata sabon bodi mara nauyi da katako da fallayen alminiyon. Ita ce Lotus ta farko, a shekarar 1948.

Tun daga wannan mota hannunsa ya fara zuwa baya. Sifirin bayan Austin 7 a lanƙwashe suke, saboda haka idan motar ta karkata a kwana, na gefe guda ya miƙe ya ƙara tsawo, na ɗaya gefen ya ƙara lanƙwasa, sai aksul ɗin ya ɗan juya, gindin motar ya nemi ya wuce kanta. Chapman ya kifar da aksul ɗin, ya ɗaura sifirin a miƙe, motar ta daina wannan hali ba tare da ta yi ƙasa ba. Bai sayi komai sabo ba. Abin da ke wurin ya juya, kuma wannan ita ce ɗabi'arsa.

A farkon 1952 ya kafa kamfanin Lotus Engineering a tsohuwar bargar dawakai da ke bayan otal ɗin mahaifinsa, inda Hazel ta ba shi rancen fam 25. Sun yi aure a 1954. A wancan lokaci gwamnatin Birtaniya na ɗora haraji mai nauyi a kan sabuwar mota, amma ban da wadda aka sayar a warwatse mai ita ya harhaɗa da kansa. Chapman ya shiga ta wannan kafa. Yana sayar wa matasa masu sha'awar tsere shasi da bodi da ƙafafu, su kuma su nemo inji da giya daga motocin Ford su ɗora. Haka aka sayar da ƙirar Mark 6, haka kuma aka sayar da Lotus Seven da ta fito a 1957, wadda kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1973.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mai karatu ya fahimci inda gizo ke saƙar. A motar da tayoyin baya ke turawa, ƙafar baya aiki biyu gare ta, ga ɗaukar nauyi ga kuma isar da ƙarfin inji ƙasa. Tsarin da aka gada shi ne wanda muke gani har yau a ƙarƙashin akori-kura da manyan motoci, wato aksul guda ɗaya mai nauyi ya haɗa tayoyin biyu, an ɗaure shi a kan sifirin mai falle-falle. Yana da ƙarko, yana da arha, kowane bakanike ya san shi. Illarsa ita ce, idan taya ɗaya ta faɗa rami sai ta ja 'yar uwarta. Bugu da ƙari, duk abin da ke ƙasan sifirin, kamar taya da birki da shi kansa aksul ɗin, idan ya yi nauyi to da ya ci karo da tudu sai ya yi tsalle ya daɗe bai dawo ba. Tayar da ke sama kuwa ba ta tura mota, ba ta tsayar da ita, ba ta kuma riƙe ta a kwana.

Yawancin masu ƙera motocin tsere na wancan zamani sun ɗauka maganin wannan shi ne a sa sifirin mai tauri, mota ta zama kamar amalanke. Chapman ya bi ta wata hanyar. A ganinsa shasi ne ya kamata ya yi tauri har ya zama ba ya murɗewa, sifirin ya yi laushi ya ba taya damar bin ƙasa, shokozoba mai ƙarfi kuma ta hana motar lilo. Kamfanin Vanwall ya gayyace shi ya zana masa shasi a 1956, kuma motar da ta fito daga wannan aiki ita ta ci kambun kamfanoni na farko a gasar Formula 1 a 1958.

A 1957 ne ya fito da tsarin da injiniyoyi ke kira da sunansa har yau, wato ginshiƙin Chapman, wanda ya fara sawa a motar tsere ta Lotus 12. Kowace tayar baya ta samu 'yancin kanta. An haɗa shokozoba da sifirin mai naɗi sun zama doguwar sanda guda a tsaye, kanta na sama a jikin shasi, gindinta a jikin taya. Wani ɗan hannun ƙarfe na riƙe tayar kada ta yi gaba ko baya. Saura abin da zai hana ta fita waje ko shigewa ciki, kuma a nan dabarar take: maimakon ya ƙara wani ƙarfe, sai ya bar sandar da ke juya tayar ta yi wannan aikin ma. Jifa ɗaya tsuntsu biyu. An rage ƙarfe, an rage nauyi, an rage kuɗi.

Wannan tsari ya sa a motar hawa ta Lotus Elite, wadda aka nuna a baje-kolin motoci na Landan a 1957, motar da aka zuba gangar jikinta baki ɗaya da faiba ba tare da shasin ƙarfe na al'ada ba. Direbobi sun yaba da yadda take manne wa hanya, ta kuma zo ta ɗaya a ajinta har sau shida a tseren awa 24 na Le Mans da ke Faransa. Sai dai ginshiƙan dogaye ne, kawunansu sun kutso cikin motar dab da kunnen direba, duk ƙarar hanya a kansa take ƙarewa. Kimanin guda 1,000 aka ƙera, kamfanin kuma faɗuwa ya yi a cinikinsu. Akwai wani abin da ya fi ƙara muni. Idan ƙarfe ɗaya na yin aiki biyu, ranar da ya karye aiki biyu ne suka tsaya a lokaci guda, kuma a motar da ke gudu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Aikin da ya fi nuna hazaƙarsa da kuma gaggawarsa shi ne na Lotus Cortina, don haka za mu ɗan tsaya a kansa. A farkon shekarun 1960 kamfanin Ford na Birtaniya ya so ya shiga tseren motocin gida, dokar gasar kuma ta ce sai an ƙera guda 1,000 na irin motar an sayar wa jama'a. Wani jami'in Ford mai suna Walter Hayes ya nemi Chapman ya ɗauki Cortina, motar magidanta ta zuwa kasuwa da kai yara makaranta, ya mayar da ita ta tsere. Ford na aiko da gangar jiki mai ƙofa biyu zuwa masana'antar Lotus da ke Cheshunt, a can ake ɗora mata inji mai ƙarfin doki 105, a sauya ƙofofi da bonet da murfin but zuwa na alminiyon, a shafa mata farin fenti da koren zane a gefe. An fara fitar da ita a 1963.

Da ya zo baya, Chapman ya cire sifirin mai falle-falle ya jefar. Ya sa mai naɗi tare da shokozoba a tsaye, ya sa hannuwa biyu masu riƙe aksul ta gaba, sannan ya ƙera wani ƙarfe mai siffar harafin A, ƙafafunsa biyu a jikin bodi, tsininsa kuma a ɗaure a jikin tulun da ke tsakiyar aksul, inda haƙoran da ke raba ƙarfi ga tayoyin biyu suke iyo cikin mai. Aikin wannan ƙarfe shi ne ya hana aksul zamewa gefe. Da yake bodin Cortina ba a yi shi don ɗaukar nauyi a waɗannan wurare ba, sai da aka ƙara masa tokara a cikin but, aka kwantar da safaya taya a ƙasa, aka kuma mayar da batir can baya.

A filin tsere abin ya yi kyau ƙwarai. Jim Clark, manomin nan ɗan yankin Sikotilan, ya lashe gasar motocin gida ta Birtaniya da ita a 1964, kuma hotunansa yana shan kwana tayar gaba ɗaya na reto a sama suna cikin sanannun hotunan tsere na wancan zamani. Dalilin ɗagawar tayar shi ne laushin baya da taurin gaba: motar na zaunawa a kan tayoyin da ke tura ta. Sir John Whitmore ya ci gasar Turai da ita a 1965.

Amma wanda ya sayi motar da kuɗinsa domin hawa, labarinsa daban ne. Duk wani ja da girgiza na gefe yana ƙarewa ne a kan tsinin ƙarfen nan, shi kuma yana jijjiga tulun aksul har notuna su kwance. Mai ya fara ɗiga, ya jiƙa robobin da ke riƙe da ƙarfen su lalace, haƙora su bushe su cinye juna. A filin tsere akwai makanikai masu bin kowane noti bayan kowace gasa. Magidanci kuwa ba ya kwana ƙarƙashin motarsa. Koke ya yi yawa, dillalan Ford suka gaji, a tsakiyar 1965 aka cire tsarin Chapman aka mayar da sifirin mai falle-falle irin na Cortina GT tare da hannuwan riƙo. Abin mamaki, motar ba ta rasa wani abin kirki ba, sai ma ta samu ƙarkon shiga tseren daji, inda Bengt Söderström ɗan ƙasar Suwidin ya ci babban tseren RAC na Birtaniya da ita a 1966. Da aka zo ƙira ta biyu a 1967, Ford ya ɗauke aikin ya mayar masana'antarsa ta Dagenham. A ganinmu lissafin Chapman a kan takarda daidai ne. Abin da bai tsaya ya tambaya ba shi ne, shin wurin da ya ɗaura ƙarfen an yi shi don ɗaukar wannan wahala? Masu sauya wa motoci ƙafa domin ƙarin gudu har yanzu a wannan rami suka fi faɗawa.

A gasar Formula 1 kuwa tauraronsa sai hawa yake yi. Da ya mayar da inji bayan direba a Lotus 18 ya ajiye dogon ginshiƙin, domin ba shi da wurin tsayawa a mota mai kwanciya, kuma da ita Stirling Moss ya ci tseren Monako a 1960. A 1962 ya fito da Lotus 25, wadda aka ƙera jikinta da fallayen alminiyon kamar kwale-kwale a maimakon bututan ƙarfe, direba na kishingiɗe a ciki. Clark ya ci tsere 7 cikin 10 da ita a 1963. A 1965 suka tsallaka Amurka suka ci tseren Indianapolis, karon farko da mota mai inji a baya ta yi haka. Sai Lotus 49 ta 1967, inda ya kai ɗabi'arsa ƙarshe: shasi ya tsaya a bayan kujerar direba, aka ɗaure injin Cosworth a jikinsa, aka kuma ɗaure ƙafafun baya a jikin injin da giyabos. Inji ya zama shi ne rabin motar. Ta ci tserenta na farko a Zandvoort ta ƙasar Holan, kuma a kan wannan tsari ake ƙera motocin gasar har yau.

Sai dai an biya farashi. Clark ya mutu ranar 7 ga Afrilun 1968 a Hockenheim ta Jamus cikin motar Lotus, inda masu bincike suka fi karkata ga cewa tayar baya ce ta sace. Waɗanda suka san Chapman sun shaida cewa mutuwar ta girgiza shi matuƙa, domin Clark amininsa ne. A 1968 ya kafa wa motocinsa dogayen fukafukai a kan sanduna, ya dasa sandunan kai tsaye a kan ƙafafun baya domin iska ta danne tayoyin ba tare da ta danne sifirin ba. Dabara ce mai kyau, amma duk girgizar hanya a kan siraran sandunan take hawa. A tseren Basalona na ƙasar Sifen a 1969 fiffiken Graham Hill ya karye ya yi haɗari, bayan 'yan zagaye na Jochen Rindt ma ya karye a wuri guda ya afka wa tarkacen motar abokinsa. Allah Ya yi da sauran kwanansu. Nan da nan hukumar gasar ta haramta irin waɗannan fukafukai. Rindt, yana jinya, ya rubuta wa maigidan nasa wasiƙa yana roƙon a ƙara ɗan nauyi a ƙarfafa sassan da ke da rauni, yana mai cewa motocin ba za su rasa gudunsu ba.

A shekarar da ta biyo baya aka fito da Lotus 72, wadda aka tsara ƙafafunta yadda ba za ta durƙusa ba idan an taka birki, ba za ta kuma zauna ba idan an taka totur. Direbobi suka ce sun daina jin abin da tayoyi ke yi, dole aka warware wannan tsari, sannan Rindt ya ci tsere huɗu a jere. Ranar 5 ga Satumban 1970 ya mutu a lokacin gwaji a Monza ta Italiya. Kotun ƙasar ta gano cewa karyewar sandar birkin gaba ce ta jawo haɗarin, amma shingen da ba a kafa da kyau ba ne ya yi kisan, aka wanke Chapman a 1976. Rindt ya zama zakaran duniya na 1970 bayan ransa, domin babu wanda ya kamo makinsa. Ba za mu ce Chapman bai damu da ran direbobinsa ba, amma babu shakka yakan tsaya dab da bakin rami, kuma ba shi ne ke zaune cikin motar ba.

Ya ci gaba da cin kofuna, da Emerson Fittipaldi a 1972, da Mario Andretti a 1978. Motar Andretti, Lotus 79, an siffanta cikinta yadda iskar da ke bi ta ƙasa za ta tsotse ta zuwa ga kwalta, har sai da aka ɗauke sifirin da shokozobar baya daga hanyar iskar aka cusa su ciki. Jimilla ƙungiyarsa ta ci kambun kamfanoni 7 da na direbobi 6 yana raye. Amma wannan tsotso ya tilasta a sa sifirin mai taurin gaske, abin da ya saba wa duk abin da ya yi imani da shi, direbobi kuma suna fitowa jikinsu ya yi tsami. Ya ƙera Lotus 88 mai shasi biyu, ɗaya na ɗaukar dannawar iska ɗaya na ɗauke da direba a kan sifirin mai laushi, sauran ƙungiyoyi suka yi ca, aka hana ta shiga gasa a 1981. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Daga nan ya sa injiniyoyinsa suka fara aikin ƙafar da kwamfuta ke sarrafawa da matsin mai, mai daidaita tsayin mota da kanta.

A daidai wannan lokaci wata guguwa na tasowa. Lotus ya karɓi kwangilar tsara motar John DeLorean, Ba'amurken da gwamnatin Birtaniya ta zuba wa kuɗi ya kafa masana'anta kusa da Belfast domin samar wa jama'a aikin yi. Kamfanin ya durƙushe a 1982, aka kuma gano cewa miliyoyin daloli da aka biya ta hannun wani kamfani mai suna GPD sun yi ɓatan dabo. Kafin bincike ya iso kansa, Chapman ya mutu sakamakon bugun zuciya ranar 16 ga Disamban 1982 a gidansa da ke yankin Norfolk, yana da shekaru 54. Ya bar matarsa Hazel, wadda ta rayu har zuwa 2021, da 'ya'ya uku. A 1992 aka ɗaure akantansa Fred Bushell shekaru uku, alƙalin kuma ya bayyana cewa da Chapman na raye da ɗaurinsa bai gaza shekaru goma ba.

Ƙafar nan mai kwamfuta ta shiga gasa a 1983, Ayrton Senna ya ci tseren Monako da na Detroit da ita a 1987, aka haramta ta a Formula 1 daga 1994. Ita kuwa Lotus Elan ta 1962, wadda da yawa ke ɗauka a matsayin motar hawa mafi daɗin tuƙi da ya ƙera, har kamfanin Mazda ya yi koyi da ita wajen fito da MX-5 a 1989, an sa wa sandunan tayoyin bayanta wasu zobban roba masu kauri a maimakon gaɓoɓin ƙarfe, saboda sauƙi da rashin nauyi. Robar kan murɗe ta saki idan direba bai iya sakin kuloci ba, motar ta riƙa zabura, idan kuma ta tsufa ta tsinke sandar na iya dukan shasi. Akwai ƙananan kamfanoni a Ingila da wasu ƙasashe da ke ƙera sanduna masu gaɓoɓin ƙarfe na zamani domin masu tsofaffin Elan, kuma da yawa daga cikin masu hawan motar sun cire zobban sun sa waɗannan.